Ranar da Losaline Ta Riƙe Kan Ubanta

In ka sauka garinmu Pangai ka ce Losaline kake nema, za a tambaye ka wacce, don akwai mai gasa burodi, akwai matar ɗan sanda. Amma in ka ce mai sa barci, ko aladen da ke kiwo a bakin hanya ya san ƙofar gidanta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, kullum tafiyarta kamar ta wadda ta bar tukunya a kan wuta. Ita ce ke kwantar da mutum barci a buɗe cikinsa bai sani ba, ita kuma ke tashinsa. Mu mutanen tsibiran Ha'apai muna taƙama da ita, kuma ba ma ɓoyewa.

Ubanta Manase masunci ne, ƙato mai kaurin wuya da ƙarar murya. Uwarta ta rasu tana 'yar sakandare, Manase kuwa bai sake aure ba. Yayarsa, Gwaggo Petiola, ita ta kama ragamar gidan, kuma ba wanda ya yi mamaki, don a wajenmu 'yar'uwar uba ita ce sama da kowa a dangi, har shi uban. Abin da ta ce ya zauna. Ita ta dubi yarinyar wata rana tana wanke wa ƙaninta gyambo ba ta ko yatsine fuska ba, ta ce wannan nas za ta zama.

Losaline ta tashi kamar kowace 'ya ta gari. Da sunansa take kiran ubanta, Manase, kamar yadda muke yi duka, don a nan girman uba ba a suna yake ba, a kansa yake. Ɗa ba ya taɓa kan ubansa. Ba ya cin sauran abincinsa, ba ya kwana a kan matashinsa, in uban na zaune ba ya tsaya masa a ka, sai ya duƙa ya wuce yana cewa tulou, wato a gafarce ni. Tsofaffi na cewa wanda ya karya wannan wuyansa zai kumbura, ko wata cuta ta kama shi da ba ta jin magani. Fasto bai taɓa faɗar haka a coci ba, amma shi ma bai taɓa kai hannu kan ubansa ba.

Ta yi digirin jinya, ta yi shekaru a ɗakin masu ciwo mai tsanani a babban asibitin Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu, ta auri Kelepi malamin firamare, ta haifi yara biyu, sannan aka maido ta gida. Asibitinmu ƙarami ne. Akwai likita, akwai ɗakin tiyata da gadonsa da fitilarsa, amma a wancan lokacin mai sa barci sai an aiko shi daga babban tsibiri, ya yi kwana biyu ya koma. In haihuwa ta gardama ba ya nan, sai a kira jirgin sama a zauna ana kallon gajimare. Wata Asabar Losaline ta wuni riƙe da hannun wata ƙawarta ta makaranta da haihuwa ta gardame mata. Likita na nan, kayan aikinsa a wanke, amma ba mai sa barci, jirgi kuma bai samu sauka ba sai da yamma liƙis. Uwar ta rayu, jaririn bai rayu ba.

Washegari bayan an tashi daga coci ta tafi gidan Gwaggo Petiola, ta zauna a ƙasa.

"Gwaggo, akwai karatu na gaba da digiri a Suva, can ƙasar Fiji, na masu sa barci. Ina so in je."

"Wani karatun kuma? Ke da 'ya'ya biyu? Wanda kika yi bai ishe ki ba?"

"Bai isa ba, Gwaggo. Jiya na gani da idona."

Gwaggo ta ci gaba da fifita. Can ta ce, "Shekara nawa?"

"Biyu, in ban faɗi ba."

"To ba za ki faɗi ba. Kawo min yaran. Shi kuma Kelepi ya koyi dafa rogo, ai bai fi ƙarfinsa ba."

Haka ta tafi, tana da shekara talatin da ɗoriya, ta koma kan bencin aji tare da nas-nas daga Vanuatu da Kiribati da Samoa. Da safe ɗakin tiyata, da rana aji. Suka koyi yadda kowane magani ke bin jini, da adadin da ya dace da nauyin kowane mutum, da abin da zuciya da huhu ke yi in barcin ya yi nisa. Suka koyi cewa jariri ba ƙaramin babba ba ne, mai ciki kuma mutum biyu ce a gado ɗaya. A littafi Losaline ba ta da matsala, kanta na ja. A hannu ne ta sha wuya.

Don shi mai sa barci ta wajen kan majiyyaci yake tsayawa, ba a gefensa ba. Zai kama kai ya tanƙwara shi baya, ya sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi ya ɗaga, ya buɗe baki ya danne harshe da wani ƙarfe mai fitila, ya leƙa maƙogwaro ya zura robar numfashi. A kan mutum-mutumin roba da suke koyo da shi Losaline ta fi kowa sauri. Ranar da aka ba ta dattijo na gaske mai furfura, sa'an ubanta, sai hannunta ya tsaya cak a sama.

"Tulou," ta ce masa a hankali, shi kuwa bawan Allah ya riga ya yi nisa.

Malamarsu, Sista Premila, tsohuwar nas ce 'yar Fiji mai asalin Indiya, siririya kamar sandar tsintsiya, amma muryarta na kaiwa ƙarshen baranda. Ta ce, "Da wa kike magana?"

"Gafara nake nema, Sista."

"Nemi gafararki, ban hana ki ba, amma hannunki na aiki. Mutumin nan ya daina numfashi da kansa, yanzu ke ce numfashinsa. Kama!"

Ta kama, gumi na zuba mata, robar kuma ta shiga. Amma akwai wani abin da ya fi wannan yi mata wuya. Wata rana ana tsakiyar aiki, babban likitan tiyata na ba da labarin wasan rugbi, sai ta ga lambar iskar jinin majiyyaci na sauka a na'ura. Ta gani sarai. Sai ta tsaya jiran ya kai ƙarshen maganarsa, don ba a katse babba. Sista Premila ce ta daka tsawa daga baya, "Dakata!" Kowa ya tsaya, aka ga roba ce ta lanƙwashe, aka miƙe ta, mutum ya dawo daidai.

A ɗakin canza kaya Sista ta tsare ta. "Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Sista. Ban so in katse shi ba ne."

"Haba, 'yar nan! Ladabin nan naki zai kashe wani wata rana. A waje ki duƙa wa duk wanda kika ga dama. A ɗakin can ba wani babba sai wanda ke kwance."

Sai ta ɗauko mutum-mutumin roba ta jingine shi a kujera, ta ɗora masa hular likita, ta ce Losaline ta yi masa tsawa. Ta farko ko ita kanta ba ta ji ba. Sista ta ce a sake. Aka yi ta sakewa har masu shara suka taru a ƙofa suna riƙe ciki don dariya. Ranar Losaline ta yi kuka, ta kuma kira gida da niyyar cewa ita kam ta gaji, tana kewar yaranta, za ta dawo. Manase ne ya ɗauka.

"Ki dawo ina? Tabɗi! Na riga na gaya wa duk masu shan jiƙon kava cewa ke ce ta ɗaya a ajinku. In kin dawo haka, ni a ina zan zauna?"

"Manase, ai ba ni ce ta ɗaya ba."

"To ki zama mana, tunda na riga na faɗa. Kin ci abinci?"

Ta zauna. Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta gama da kyau, kuma kafin ta gama likitocin nan sun san muryarta. Wani abin da Sista Premila ta cusa musu har ya zauna shi ne, ba a yi wa wanda za a sa barci ƙarya. Mutum zai miƙa maka ransa ya rufe ido, dole ka gaya masa abin da za ka yi da shi tukuna, ya ce ya yarda.

Ranar da ta dawo, kai, an ci alade! Aka tona rami aka gasa doya da gwaza da kifi, kowa ya ɗaura tabarmarsa mai kyau a ƙugu kamar yadda muke yi a biki ko makoki, Gwaggo Petiola ta zauna a sama tana karɓar gaisuwa kamar ita ta rubuta jarrabawar. Daga ranar Manase ya hana wurin shan kava sakat. Kullum da yamma in maza sun kewaye akushin jiƙon saiwar, sai ya ce, "Ku ji, fasto ya iya sa mutane barci, wannan kam duk Lahadi muna gani. Amma tashinsu fa? Sai 'yata." Har shi faston dariya yake yi. A zaton Manase allura ce kawai take yi a hannu, ta koma gefe ta zauna. Ba wanda ya gyara masa. Wa zai zauna ya bayyana wa dattijo inda 'yarsa take tsayawa?

Shekaru suka shuɗe. Matan da haihuwa ta gardame musu sun daina kallon gajimare. An ɗinke masunta da injin jirgi ya yanka, an cire wa yara ƙarin hanji, kuma duk wanda aka kwantar, babba ko yaro, sai ta ce masa tulou kafin ta taɓa kansa, sai dai yanzu hannunta ba ya tsayawa.

Sai ga wata damina mai iska, aka tsayar da jirgin ruwa da na sama gaba ɗaya. Manase ya kwana biyu yana ɓoye ciwon ciki, yana shan jiƙon ganye, yana ce wa jikoki kifi ne bai gasu ba. Da hantsi aka kawo shi asibiti a bayan mota, ciki ya kumbura kamar ganga, yana amai kore. Likita Sitani, wani matashin likita da bai daɗe da zuwa ba, ya duba ya ce hanji ne ya murɗe, kuma in ba a buɗe yau ba, gobe ba amfani.

Manase da ciwonsa sai da ya yi murmushi. "Madalla, yau zan ɗanɗana allurar 'yata."

Likita Sitani kuwa, da zuciya ɗaya, ya shiga yi masa bayani. "Ƙwarai, Baba. Ita za ta tsaya ta kanka, ta riƙe maka kai da haɓa, ta sa maka roba a maƙogwaro. Kana hannu mai kyau."

Manase ya dubi likita, ya dubi 'yarsa.

"Ta kaina?"

"Eh, Baba, ai nan ne wurinta."

"A'a. A jira jirgi."

A baranda likitan ya tare Losaline, ya rage murya. "Sista, na yi ɓaranɓarama, ki yi haƙuri, ban tuna ba. Ki koma ki ce masa ni zan yi komai. In ya yi barci ina zai sani?"

Gaskiya maganar ta shige ta, don ita ce hanya mafi sauƙi, kuma kowa a garin zai rufa mata asiri. Shi likitan ba zai iya da gaske ba, hannuwansa za su kasance cikin ciki, ga wuyan Manase mai kauri, ga cikin cike da ruwan da zai iya tasowa ya shiga huhu. Aikin nata ne ko ta so ko ta ƙi. Ta juyo ta dubi likitan.

"Ba zan sa shi barci a kan ƙarya ba, Likita. Shirya kayanka."

Ta koma ɗakin, ta ture kujera, ta zauna a ƙasa kusa da gadon don kada ta fi shi tsawo.

"Manase."

"Allurar da kike wa mata masu haihuwa a gadon baya fa? Yi min ita mana. Ai baya ba kai ba ne."

"Ba za ta yi ba. Jininka ya yi ƙasa, cikinka ya cika. In na yi maka ita za ka iya tafiya a hannuna. Da tana yiwuwa da ni zan fara faɗa."

"To a bar ni. Na tsufa, Losa, in na tafi na tafi."

"Girman kai ne zai sa ka mutu ka bar mu?"

Sai ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Wane girman kai? Ke nake ji! Kakata ta ga wani da ya shafa kan ubansa da wasa, wuyansa ya kumbura har ya kasa haɗiyar ruwa. Kina da yara. In na tashi lafiya ke kika kwanta, me na yi ke nan?"

Allah sarki. Ashe duk taurin kan nan tsoro ne, kuma ba don kansa ba. Losaline ta ɗago kai ta dube shi.

"Ni ma tsoro nake ji, Manase, tun da aka shigo da kai. Amma ga gaskiyar magana. Zan taɓa kanka, zan kama haɓarka, zan buɗe bakinka. Abin da na je na koyo ke nan, kuma na iya shi. In ka ce a'a, ba zan yi ba, zan zauna nan ƙasa har abin da zai faru ya faru. Sai ka ce ka yarda."

Ya juya fuskarsa bango.

Duk wannan abin Gwaggo Petiola na tsaye a waje bakin taga, da lemarta iska na neman ƙwace ta. Ba za ta shiga ba, don mace ba ta shiga inda ɗan'uwanta ke kwance ba riga. Ba ta ma yi masa magana kai tsaye ba, ko da yake tagar na daidai kunnensa.

"Losaline! Gaya wa ubanki ni na tura ki karatun nan, ba shi ba. Ni ke da iko da ke, har gashin kanki. In akwai abin da zai faɗo, a kaina zai faɗo, ni kuwa wuyana ya yi kaurin da ba inda zai ƙara kumbura."

Losaline ta sunkuyar da kai.

"Ki kuma gaya masa, shekara da shekaru ya cika mana kunne da 'yata, 'yata. Yau ya ga aikin zai gudu? Ni ban shirya sa baƙin kaya ba, tabarmar makokina ƙaiƙayi take min."

Kafaɗar Manase ta soma girgiza. Dariya ce, tana fita da nishi. Sannan ya ce, "Gaya wa gwaggonki na ji." Sai ya juyo ya dubi 'yarsa da ke ƙasa. "Tashi. Na yarda. Yi aikinki."

A ɗakin tiyata ta zagaya ta tsaya ta kansa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin tsakiyar kan ubanta ba. Ashe akwai sanƙo kaɗan, da wani tsohon tabo da ba ta san labarinsa ba. Ta ce tulou, muryarta ta fita sarai, shi kuma ya rufe ido. Ta tura magani, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa, ta tanƙwara kan baya. Wuyan ya ba ta wuya kamar yadda ta zata, da farko ba ta ga hanya ba. Likita Sitani, don sauri, har ya ɗauki wuƙa.

"Dakata, Likita!"

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ta gyara kan, ta sake leƙawa, ta zura robar, ta saurari huhu dama da hagu. "Yanzu bismilla, fara."

Ana tsakiyar aiki iska ta ɗauke wuta, kafin injin wutar asibiti ya tashi ta kama jakar iska tana matsawa da hannu, tana hura wa ubanta numfashi ɗaya bayan ɗaya. Hanjin bai mutu ba, likita ya warware shi ya ɗinke. Da la'asar Manase ya fara motsi. Ta jira har ya yi tari, ta zare robar, ta ci gaba da tallafe masa haɓa da kai har numfashinsa ya daidaita. Da ta ga ya buɗe ido ya gane inda yake, sai ta yi maza ta janye hannuwanta, ta soma ja da baya za ta duƙa.

Ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe. Ya ɗago ido yana duban maƙogwaronta, ya daɗe yana dubawa.

"Lafiyata ƙalau, Manase. Kai ma an gama, lafiya lau."

Bai sake ta ba. A hankali ya jawo hannun ya mayar da shi kan furfurarsa, ya danne da nasa. Muryarsa a dishe take, sai da ta sunkuya ta ji.

"Bar shi nan tukuna. Tun da uwarki ta rasu, in ba mai aski ba, ba wanda ya ɗora min hannu a ka."